Mutumin Gari Na Uku: Bayani Ga Sabon Ɗalibin Da Zai Shiga Ƙungiyar Wasan Waƙa

A kusan kowace babbar jami'a ta Ingila akwai ƙungiyar ɗalibai da ke haɗuwa da yamma don shirya wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa. Ƙa'idar irin wannan wasa mai sauƙi ce. Mutum yana cikin yi wa maƙwabcinsa maganar kuɗin haya, sai kiɗa ya tashi, ya ƙarasa maganar da waƙa. Maƙwabcin ya ba shi amsa da waƙa. Masu wucewa ta titi su sauke kayansu su shiga rawa, ƙafar kowa daidai da ta ɗan'uwansa. In an gama kowa ya ɗauki kayansa ya kama gabansa, ba mai tambayar wani abin da ya faru. Wanda ya taso yana kallon fim ɗin Indiya ko na Kano ba ya bukatar dogon bayani a nan. Sai dai a wannan wurin babu kyamara, babu "a sake ɗauka", babu muryar wani da aka naɗa a situdiyo kana bin ta da leɓe. Da maƙogwaronka za ka rera, a gaban mutanen da suka biya kuɗin tikiti, makaɗa kuma suna zaune a gefe ko a rami gaban dandamali, suna jiran ka shigo a daidai gaɓar da aka tsara.

Zan ɗauki jami'ar Kambirij a matsayin misali, don a can tsarin ya daɗe ya kuma fito fili. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ADC tun 1855 take, kuma gidan wasan da ke ɗauke da sunanta a titin Park yana da kujera 228. Ƙungiyar barkwanci ta Footlights ta soma a 1883. Akwai kuma ƙungiyar da ta keɓe kanta ga wasan waƙa zalla, wadda ake taƙaita sunanta da CUMTS. Abin da zan faɗa ya shafi sauran jami'o'in ƙasar da ɗan bambanci kaɗan.

Ranar baje koli

A farkon Oktoba ana yi wa sababbin ɗalibai baje kolin ƙungiyoyi. Kowace ƙungiya da teburinta, da alewa ko biro na kyauta, da takardar rubuta suna. Teburin 'yan wasan waƙa ba ya wuyar ganewa, don kafin ka hango shi za ka ji shi.

Za a tambaye ka, "Kana waƙa?" Kowace amsa ka bayar karɓaɓɓiya ce. In ka ce eh, za a rubuta sunanka. In ka ce a'a, za a tambaye ka ko kana iya riƙe tsani, sannan a rubuta sunanka.

Ana raba muryoyi gida huɗu: siririyar muryar mata, kakkaurar muryar mata, siririyar muryar maza, da kakkaurar muryar maza. Ta uku ita ake kira tena, kuma ita ce ke ƙaranci kusan kullum, don mata sun fi maza zuwa gwaji nesa ba kusa ba. Namijin da aka gano yana da wannan murya zai ga mutanen da bai taɓa gani ba suna gaishe shi da sunansa a hanya, suna tambayar lafiyar maƙogwaronsa. Kada ya tsorata. Bukata ce ta gaske, kuma gaisuwar har zuci take.

Gwaji

Ana yin gwaji a wani ɗaki na kwaleji mai fiyano. A barandar ɗakin za ka tarar da mutane kamar goma, wani yana karkaɗa leɓe yana fitar da ƙarar babur, wata tana hamma da gangan tana jan ta daga sama zuwa ƙasa, wani ya fuskanci bango yana maimaita baƙi ɗaya. Duk lafiyarsu ƙalau. Ɗumama murya suke yi, don igiyoyin maƙogwaro nama ne, wanda ya finciko su a sanyaye zai ji a jikinsa washegari.

A ciki mutum uku ko huɗu ne zaune bayan tebur: darakta, daraktan kiɗa, mai tsara rawa, wani lokaci da furodusa. Shekarunsu tsakanin 19 ne da 21. Bara warhaka su ne a baranda suna ƙarar babur. Ka ba su girmansu, domin ikon da ke hannunsu na gaske ne: su suka nemi makon wasa a gidan wasa suka samu, su za su amsa tambaya a kan kowane fam da aka kashe, kuma in wasan ya lalace sunansu ne a jikin takardar talla.

Za ka rera guntuwar waƙa ta kamar minti ɗaya, wani lokaci a ba ka wasu layuka ka karanta. Ka zaɓi waƙar da muryarka ke kaiwa ƙarshenta ko da safe ne, ka bar wadda sai ka yi sa'a. Kada ka buɗe baki da ba da haƙuri cewa mura kake yi. A Oktoba kowa mura yake yi, don dubban mutane daga ƙasashe daban-daban sun haɗu wuri ɗaya suna musabaha, kuma masu teburin sun ji wannan uzuri daga duk wanda ya riga ka shiga. In ka gama za su ce sun gode. Suna faɗa wa wanda za su ɗauka, suna faɗa wa wanda ba za su ɗauka ba, da murya iri ɗaya da fuska iri ɗaya. Kada ka ɓata darenka wajen fassara yadda darakta ya ajiye birosa.

A Kambirij akan ware wasanni na sababbin ɗalibai zalla a zangon farko, 'yan wasa da masu aikin bayan fage duka sababbi. Wannan ita ce ƙofa mafi faɗi. Wanda aka ƙi ɗauka a wani wasa ya je gwajin wani, don a mako guda akan yi gwaji fiye da ɗaya.

Aikin Mutumin Gari Na Uku

A kowane wasa akwai manyan taurari biyar ko shida. Sauran 'yan amshi ne, kuma a cikinsu sabon ɗalibi ya fi samun kansa. A takardar wasa ba a ba ɗan amshi suna, lamba ake ba shi: Mutumin Gari Na Ɗaya, Na Biyu, Na Uku.

Ga ayyukansa. Zai yi mamaki kowane dare idan aka sanar da labarin da ya sani tun makonni da suka wuce, kuma mamakin ya zama sabo. Zai juya ga na kusa da shi su yi hira mai zafi da leɓe da hannu ba tare da sauti ya fita ba, don tauraruwa tana magana a gaba. Kafin hutun rabin lokaci manomi ne. Bayan hutu sojan da ya zo ƙona ƙauyen manomin ne, kuma sauya kaya tsakanin mutanen biyu a cikin duhu ake yi, a ƙasa da minti ɗaya, wani yana riƙe masa takalmi. In an kashe shi a yaƙi zai kwanta inda ya faɗi, ya ɓoye numfashinsa bayan ya gama rawa mai tsalle, tauraro ya tsaya a kansa ya rera waƙar baƙin ciki har ƙarshenta. Da an kashe fitila sai ya tashi ya ɗauki tebur ya fita da shi.

In mace ce mai kakkaurar murya, za ta iya tarar da cewa rabonta a wata waƙa sauti ɗaya ne tak, ta riƙe shi shafi guda cur. Ta riƙe shi da kyau. Mai sauraro ba zai taɓa cewa ya ji ta ba, amma ranar da ba ta zo ba zai ce waƙar ta yi masa salam bai san dalili ba.

Wannan matsayi ba ƙarami ba ne, kuma na faɗa da gaske. Masu kallo suna gaskata abin da ke faruwa a dandamali ne saboda sun ga mutanen garin sun gaskata. In mutum ashirin suna murna, ɗaya a layin baya yana tunanin aikin gida da bai rubuta ba, idon zauren duka a kansa zai tsaya. Tauraro yana iya ɓata waƙa ɗaya. Ɗan amshin da hankalinsa ya tafi wani wuri gari guda yake ɓatawa.

Ƙirga, hannu da agogo

A bitar rawa daga biyar ake fara ƙirga. Mai tsara rawa za ta tafa ta ce biyar, shida, bakwai, takwas, kowa ya taka. Dalili shi ne ana yanka rawar takwas-takwas, kuma huɗun ƙarshe su ke ba ka saurin kiɗan, don ƙafarka ta sauka a kan ɗaya. Wanda ya tsaya jiran a fara daga ɗaya an riga an bar shi. Karin maganar nan cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, a nan umarni ne na aiki, kuma yakan faɗo sau uku a waƙa guda.

Hagu da dama na ɗan wasa ne yana fuskantar jama'a. Saboda haka darakta da ke zaune a kujerar masu kallo zai nuna damansa ya ce ka matsa hagu, kuma daidai ya faɗa. In an ce ka yi sama, baya ake nufi. In an ce ka yi ƙasa, gaba ake nufi. Wannan ya samo asali ne daga tsofaffin gidajen wasa da ake gina dandamalinsu da ɗan gangare, bayansa ya fi gabansa tudu.

Kiran da ake cewa saura rabin awa, a gidajen wasan Birtaniya, ana yin sa ne saura minti 35. Saura kwata, minti 20. Saura minti biyar, minti 10. Ana ƙirgawa ne zuwa kiran 'yan wasan farko, wanda ake yi minti biyar kafin ɗaga labule. Tsari ne na mutanen da suka san halin ɗan Adam.

Ita kanta jami'ar Kambirij tana da nata lissafin. Zangon karatu mako takwas ne, makon lacca kuma ran Alhamis yake farawa. Bukukuwan ƙarshen shekara da ake kira Makon Mayu, inda ake yin wasanni a lambunan kwalejoji, a watan Yuni ake yin su. Makon gidan wasan ADC kuwa daga Talata ne zuwa Asabar, babban wasa da ƙarfe 7:45 na dare, ƙaramin wasa da ƙarfe 11. Ɗalibi Musulmi zai ƙara da jadawalin salla, kuma ya sani a farkon Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma. Ya sayi ɗan littafi ya rubuta duka a shafi ɗaya.

Masu baƙaƙen kaya

Bayan labule akwai wasu mutane sanye da baƙi daga wuya har takalmi, don kada a gan su in sun shiga sauya kaya a duhu. Shugabarsu manajar dandamali ce. Daga ranar da aka shiga gidan wasa, iko ya bar hannun darakta ya koma nata. Tana zaune a lungu da ƙaramar fitila da abin magana a kunne, da babban littafi wanda aka rubuta kowane motsi na fitila da sauti da labule a gefen layin da zai faru. Rana ba ta fitowa a dandamali sai ta ba da izini. In ta ce a yi shiru, a yi.

Akwai teburin kayan wasa, an zana wa kowane abu gurbinsa an rubuta sunansa. Doka ita ce kada ka taɓa abin da ba naka ba, ko da burodin roba ne. Wani zai zo a guje cikin duhu ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, kuma in wasiƙar da za ta warware labarin ba ta nan, mutum ashirin za su tsaya suna kallon juna a gaban jama'a.

Makirfo ƙarami ne, ana manna shi da salatif a goshi ko a kunci. Sau da yawa ba ya isar kowa, sai a riƙa karɓa-karɓa a bayan fage. Muddin yana jikinka, ka ɗauka a kunne yake. Kada ka faɗi ra'ayinka a kan muryar kowa, kuma ka miƙa shi kafin ka zaga.

Yawancin manyan wasanni suna da masu haƙƙin mallaka. Ƙungiya tana biyan kuɗin izini ga kamfanoni irin su Music Theatre International, kuma ba a yarda a sauya kalma ko gaɓar kiɗa ba sai da yardarsu. Littattafan waƙa sau da yawa haya ne, don haka da fensir kawai ake rubutu a ciki, a goge kafin a mayar.

Suna da camfe-camfensu. Ba a yi wa mai shiga dandamali fatan sa'a, fatan karaya a ƙafa ake yi masa, shi kuma ya yi godiya. Ba a ambaton sunan wasan Macbeth na Shakespeare a cikin ginin, sai a ce wasan nan na Sikotilan. Ba a fito a bayan fage, kuma akan danganta wannan da zamanin da ma'aikatan jirgin ruwa ke jan igiyoyin labule suna yi wa juna ishara da fito. Ba a bukatar ka gaskata ko ɗaya. In ka bar fito ka bar ambaton sunan, hankalin abokan aikinka zai kwanta, kai kuma ba ka rasa komai ba.

Mako na ƙarshe

Kafin a shiga gidan wasa akwai ranar da 'yan wasa ke haɗuwa da makaɗa karo na farko. Makonni kana bin fiyano ɗaya a ɗaki mai sanyi, yau sai ga ganga da ƙaho da goge sun taso a bayanka. Mutane da yawa suna kuka a wannan ranar, har da waɗanda suka shiga don riƙe tsani.

Ran Lahadi ake shigar da katako a kafa gari. Sai bitar fitilu, inda za a tsayar da kai a kan ɗan gicciyen salatif na tsawon lokaci, wasu muryoyi daga duhu suna shawara a kan ko fuskarka ta cika kore. Ba da kai suke ba, da fitila suke. Sai bita da cikakkun kaya, sai daren farko.

Ran Asabar, bayan tafin ƙarshe, ba a tafiya gida. Kowa zai tuɓe kayan wasa ya ɗauki sukundireba. Garin da aka yi makonni ana zanawa da fenti za a kwance shi a daren nan, don da safe wasu ne za su shigo da nasu. Wadda ta fito sarauniya za ka gan ta da tsintsiya. Tauraron da ya sulale a wannan dare, za a tuna da shi a gwaji na gaba.

Yadda za ka yi wa gida bayani

Dole wata rana a yi wannan waya, kuma galibi haka take tafiya.

"Baba, barka da dare. Na shiga wata ƙungiya a makaranta."

"Madalla. Ta karatu ce?"

"Ta wasan kwaikwayo ce, Baba, mai waƙa."

"To. A me ka fito?"

"Mutumin Gari Na Uku."

"Na ɗaya da na biyun 'ya'yan waye?"

Ka amsa da ladabi cewa lambar ba ta jarrabawa ba ce. Tambayar da ke ƙarƙashin tasa ita ce ko karatu zai sha wuya, kuma yana da gaskiya ya tambaya. Wasa ɗaya a zango ya ishi sabon ɗalibi. Malamin da ke jiran rubutunka na mako bai san da daren farko ba. In 'ya mace ce, Mama za ta tambayi irin kayan da za a sa da irin rawar da za a yi, kuma wannan ma tambaya ce mai kyau. Amsarta tun ranar gwaji ake nemo ta. Ki gaya wa darakta a fili abin da za ki iya sawa da abin da ba za ki iya ba, ko kina yarda da rawar riƙe hannu da namiji, da lokutan da za ki fita salla, da batun azumi in ya faɗo cikin zango. Faɗa da wuri yana ba su damar tsarawa, faɗa a makon ƙarshe kuwa yana jefa kowa cikin wahala. In wasan bai dace da ke ba, akwai fitila, akwai sauti, akwai ɗinki, akwai kujerar manaja. Walimar bayan wasa ma, inda akan sha giya, ba tilas ba ce.

In Baba ya tambayi ina abin yake kai mutum, akwai amsa. Trevor Nunn, wanda ya ba da umarnin wasan waƙa na Cats a 1981, ya kuma haɗu da John Caird a Les Misérables a 1985, daga wasannin ɗalibai na Kambirij ya fito. Emma Thompson da Stephen Fry da Hugh Laurie 'yan Footlights ne, kuma a 1981 wasansu ya ci lambar barkwanci ta Perrier karo na farko da aka ba da ita a bikin Edinbara. Wannan biki na watan Agusta ya faro ne a 1947, lokacin da ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka je suka yi wasansu a gefen babban taro, kuma har yau ƙungiyoyin ɗalibai can suke kai kayansu.

A 2017 CUMTS ta kai wani wasa Edinbara mai suna Six, wanda ɗalibai biyu, Toby Marlow da Lucy Moss, suka rubuta a shekararsu ta ƙarshe. Labarin matan Sarki Henry na Takwas ne su shida. Ya rabu da biyu, ya sa an fille kan biyu, ɗaya ta rasu bayan haihuwa, ta ƙarshe ya mutu ya bar ta. A wasan sun kafa ƙungiyar mawaƙa, suna gasar wadda ta fi shan wuya a hannunsa. Sarkin nan shi ya kafa kwalejin Trinity a Kambirij a 1546, bayan shekara 471 kuma ɗaliban jami'ar suka miƙa wa matansa makirfo. Wasan ya je Landan, ya je Broadway a Amurka. An sa ranar buɗe shi a can 12 ga Maris 2020, ranar da aka rufe gidajen wasan saboda korona, sai a Oktoban 2021 aka buɗe. A 2022 ya ci lambar Tony biyu, ɗaya ta waƙoƙi, ɗaya ta tufafi.

Amma ka gaya wa Baba gaskiya, mafi yawan 'yan ƙungiyar likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da malamai suke zama. Abin da suke samu daban ne. Sabon ɗalibi a baƙuwar ƙasa yana iya kwana uku a ɗaki ba wanda ya lura, lacca ta ci gaba da mutum ɗari biyu ko yana nan ko ba ya nan. A wannan ƙungiya kuwa, in ya makara minti goma wayarsa za ta yi ƙara, don akwai gurbi a layi na biyu, akwai wadda ba ta da abokin hirar leɓe, akwai teburin da ba mai fitar da shi. Kafin Disamba zai san sunan mutum talatin, su ma su san nasa da yadda ake furta shi daidai. Zai koyi zuwa a kan lokaci, da karɓar gyara a gaban jama'a ba tare da fushi ba, da tsayawa a gaban zaure gwiwa na rawa amma murya na fita. Waɗannan abubuwa za su bi shi har ɗakin tiyata da gaban alƙali.

Saboda haka shawarata ga sabon ɗalibi ita ce ya shiga. Ya tanadi fensir da abin gogewa, da gorar ruwa, da zuma da lemon tsami, da takalmi mai laushin ƙasa, da baƙar riga da baƙin wando ko da an ba shi matsayi a gaban labule, don ba a san ranar da za a bukaci hannunsa a baya ba. Rubutun da malami ke jira kuwa, ya gama shi kafin Lahadin shigar da katako.